Gahawar tata: yadda ake haɗa ta a gida da ƙyalle

A Kumasi in ka ɗaga murya ka ce "kofi", abu uku ne za su iya amsa maka: moɗar shan shayi, ko abin shan kansa, ko kuma wani yaron Asante da aka haifa ranar Juma'a. Don haka a wannan rubutu gahawa zan riƙa cewa, kofi kuwa in na ambace shi abin zubawa nake nufi.

Mu 'yan Zango ba mutanen gahawa ba ne tun asali. Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan, shi ne kuma abin da ke buɗe wa dattawa ido. Da safe koko da ƙosai, da dare ataya a majalisar samari, in kuma an ce gahawa to ƙaramar ledar Nescafé ce da mai shayi zai yaga ya kaɗa maka da madara. Ni ma a haka na tashi, sai da Kawuna, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Kumasi da Abijan, ya ajiye aiki ya dawo gida Aboabo da wani ƙyalle mai launin ƙasa a ɗaure jikin waya. Ranar da Mma, mahaifiyata, ta fara ganinsa a rataye ta ɗauka tsumman goge-goge ne, saura kaɗan ta jefa shi a shara. Da ta ga yadda yake aiki da shi sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, ashe tatar koko ka je ka koyo a Abijan?" Kuma gaskiya ta faɗa. Duk wadda ta taɓa tace ƙullun gero ta riga ta san rabin aikin. Sauran rabin shi ne awo, da zafin ruwa, da kula da ƙyallen, kuma na ƙarshen nan shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Takardar tace gahawa da ake gani a manyan kantuna sai a 1908 wata mata Bajamushiya mai suna Melitta Bentz ta ƙirƙiro ta a garin Dresden. Kafin nan ƙyalle na cikin abin da mutane ke tacewa da shi, kuma har gobe a Burazil da Kosta Rika da Malesiya da Japan akwai masu riƙe da shi. Takarda tana tsotse man da ke cikin gahawa, rariyar ƙarfe kuma tana barin gari ya wuce ya kwanta a gindin kofi. Ƙyalle yana tsakiya: yana tare garin, yana barin wani abu na man ya sauka, sai ka sami abin sha mai jiki a baki amma babu tsaki-tsaki. Ga shi ba ya neman lantarki, ba ka zuwa kanti neman takarda duk wata.

Ƙyallen da zoben

Yadin auduga zalla za ka nema. Ka shiga layin masu yadi a Kejetia ka tambayi akoko, wato wanda ba a rina ba, ko farin alawayyo mai ɗan kauri. Rabin yadi ya isa ya ba ka mataci uku ko huɗu. Kada ka karɓi mai haɗin roba. In kana shakka, zaro zare ɗaya daga gefe ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta zama toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Ɗaga yadin ka duba shi a hasken rana. In kana hango ƙananan ramuka sarai, ya yi sako-sako, gari zai wuce. In ko haske ba ya ratsa shi, ya yi kauri, za ka tsufa kana jiran ruwa ya sauka. Mutanen Japan sun fi son yadi mai gashi-gashi a fuska ɗaya, irin na zanen jarirai, kuma in ka same shi na auduga ne to ka yi dace. Amma akoko ya wadatar. Atamfa da duk wani yadi mai rini a bar su a jikin mutane.

Kai wa tela ya ɗinka maka shi kamar hular da aka kifar, baki mai faɗi, gindi mai tsini ko ɗan zagaye. Faɗin bakin ya kai santimita 11 ko 12, zurfin kuma 13 zuwa 14. Wannan zai ɗauki gahawar mutum biyu ba tare da ya cika ya tumbatsa ba. Ka gaya masa abu biyu: ya yi amfani da zaren auduga, kuma ya bar kalmasa a baki yadda waya za ta shiga ta fita. Lokacin amfani ɗinkin yana fuskantar waje ne, don gari kada ya maƙale a cikin haɗin. Telanmu da na kai masa sai ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, wannan hular wane jariri ce?" Sai da na kawo masa kofi ɗaya washegari ya daina tsokanata.

Zoben kuwa waya ce mai kauri wadda ba ta tsatsa. A lanƙwasa ta ta yi da'ira, a murɗe bakin biyu su zama mariƙi mai tsawon tafin hannu. Kowane mai walda zai yi maka cikin minti biyar. Wayar rataye kaya mai fenti ba ta yi, fentin yana ɓarewa, tsatsa kuma tana cin ƙyalle ta ba gahawa ɗanɗanon ƙusa. In babu waya ma ba a fasa ba: shimfiɗa ƙyallen a bakin jug, danna tsakiyarsa ya yi rami, ka ɗaure gefen da igiya.

Sabon yadi yana zuwa da sitaci da warin kanti. Tafasa shi a ruwa zalla na minti goma, zubar da ruwan, ka sake tafasa shi na wasu minti goman da cokali biyu na garin gahawa, ko da wanda aka riga aka tace ne. Zai fito da launin ƙasa. Daga ranar ya bar fari ke nan har abada, kada ka wahalar da kanka.

Wace gahawa?

Gana tana noman gahawa, ko da yake koko, wato na cakulan, ya rufe ta har mutane da yawa ba su sani ba. Irin da ake kira robusta ne ya fi yawa, ana samunsa a tsaunukan yankin Volta da wasu sassan Asante da yankin Gabas, kuma hukumar koko ta ƙasa, COCOBOD, ce ke kula da harkarta, cibiyar binciken koko da ke Tafo ta yankin Gabas ma tana aiki a kanta. Robusta ta fi arabika ɗaci da nauyi, sinadarin kafin da ke hana barci kuma ya kusa ninka na arabika sau biyu. Arabika, irin ta Habasha da Kenya, ta fi ƙamshi da ɗan tsami-tsami, ta kuma fi tsada a nan. Ni ra'ayina, mai farawa ya fara da ta gida. Tana jure madara da sukari, kuma ƙyalle yana rage mata kaifi fiye da yadda za ka zata.

Abin lura ɗaya: garin Nescafé da ire-irensa ba a tace su. An riga an dafa su an busar, narkewa kawai suke. Abin da kake nema shi ne ƙwayar gahawa soyayya, ko garinta da aka niƙa. In da zaɓi ka sayi ƙwaya, domin gari yana sakin ƙamshinsa cikin 'yan kwanaki, ƙwaya kuwa tana kai makonni. Sayi kaɗan-kaɗan, abin da za ka shanye cikin mako biyu ko uku, ka zuba a kwalba mai murfi ka ajiye nesa da murhu da hasken rana. Kada ka ajiye kusa da daddawa ko busasshen kifi, gahawa tana kwasar wari kamar soso.

In ɗanyar ƙwaya ka samu, mai launin kore-kore, suyarta ba ta fi ta gyaɗa wuya ba, sai dai ta fi son ido. Ɗora kasko mai kauri a kurfoti, wato murhun gawayi, wuta matsakaiciya, babu mai babu yashi. Zuba abin da zai rufe gindin kaskon kawai, ka yi ta juyawa ba tsayawa. Za ta koma rawaya, sannan ruwan ƙasa, sai wajen minti takwas zuwa goma sha biyu ka ji tana ƙara ƙas-ƙas kamar gugguru. Daga nan ka ƙara minti biyu ko uku, har ta yi launin cakulan, ka juye a faifai ko tire ka yi ta fifita, ɓawon zai tashi. In ka bari ta yi baƙi ƙirin tana ƙyallin mai, ka yi gawayi. A waje ake wannan aiki saboda hayaƙi, kuma a bar ta ta kwana biyu kafin a niƙa, ɗanɗanon ya fi zama.

Niƙa

Nan ne na fara yin asara. Na ɗauki rabin kilo na kai nika-nika na unguwa, mai injin ya zuba mini bayan ya gama niƙa wa wata mata kayan yaji. Wata guda muna shan gahawa mai barkono, Kawu yana kallona yana girgiza kai. Ban da haka injin ya mai da ita laushi kamar fulawa, ta toshe ƙyallen. Don haka a gida ake niƙa. Ƙaramin injin hannu shi ne ya fi, in babu sai bilenda mai kofin busassun kaya, a riƙa dannawa ana saki ana girgizawa. In duk babu, ƙaramin turmi da aka keɓe mata ita kaɗai, a daka a tankaɗe.

Laushin da ake so shi ne na garin rogo mai matsakaicin tsaki, ko yashin kogi. Murza tsakanin yatsu: ka ji ƙwayoyi, kada ya manne maka kamar hoda. Kuma iya na yau za ka niƙa.

Ruwa da awo

Kofin gahawa kusan duk ruwa ne, saboda haka ruwan da ba ka jin daɗin shansa haka nan ba zai gyaru don ka zuba masa gari ba. Ruwan famfo in yana warin magani, tara shi a bokiti mai tsabta ya kwana, warin yana raguwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai ɗanɗanon ƙarfe ko gishiri a bar shi wa wanki. Ni da ruwan leda nake yi, ba don ya fi kowane ba, sai don ya zo da awonsa: leda ɗaya mililita 500 ce.

Awon da masu sana'ar suka fi yarda da shi shi ne giram 60 na gari a lita ɗaya ta ruwa. Ke nan leda ɗaya tana son giram 30. Cokalin cin abinci da aka shafe bakinsa yana ɗaukar wajen giram 5, don haka cokali shida ga leda ɗaya, cokali uku ga rabin leda. Garin zai riƙe ruwa kamar ninki biyu na nauyinsa, abin da zai sauka a jug ɗin bai kai ledar cif ba, amma ya isa kofi biyu masu kyau. In da madara za ka sha ƙara cokali ɗaya. Wanda ke da ɗan sikelin kicin ya fi mu daidaito, sai dai Kawu bai taɓa auna komai da sikeli ba, kuma ban taɓa shan tasa na yamutsa fuska ba. Abin da ya kamata shi ne ka riƙe cokali ɗaya da awo ɗaya kullum, don in abu ya ɓaci ka san inda za ka gyara.

Ka tafasa ruwa fiye da wanda za ka zuba, leda ɗaya da rabi, saboda ɗauraye ƙyalle da ɗumama jug. Zafin da ake so yana tsakanin digiri 90 da 96. Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba: in ya tafasa sauke shi, buɗe murfin, ka ba shi kamar minti ɗaya. Robusta da aka soya ta yi duhu ta fi son ƙasa-ƙasa, har minti ɗaya da rabi. Ruwa mai tafarfasa in ya sauka a kanta kai tsaye ɗacin maɗaci yake fitarwa.

Butar ma tana da muhimmanci. Wadda ke da siririn baki ake so, don ruwa ya fito kamar zare. 'Yar butar ataya ta dace sosai, in dai an wanke ta ta rabu da warin na'ana'a. Juye ruwan daga tukunya zuwa cikinta ma yana rage zafin daidai yadda ake so.

Tatar kanta

Da farko jiƙa ƙyallen da ruwan zafi a kan jug ɗin da za ka tace a ciki. Wannan yana ɗumama jug, yana kuma buɗe zaren. Zubar da ruwan, ka matse ƙyallen. Yana da zafi, don haka naɗe shi a cikin tawul mai tsabta ka danna, kada ka murɗa shi kamar wanki, murɗawa tana buɗe saƙar. Ana so ya zama da danshi, ba yana ɗiga ba. Mai da shi kan zobe, ɗinki a waje.

Zuba garin, girgiza kaɗan ya baje. Kada ka danna shi. Yi ɗan rami a tsakiya da bayan cokali.

Zubin farko kaɗan ne, kamar ninki biyu na garin, wato cokali huɗu na ruwa in leda ɗaya kake yi. Fara daga tsakiya, a hankali, ka zagaya har ko'ina ya jiƙe, sannan ka tsaya. In gahawar sabuwa ce za ka ga ta kumbura tana kumfa kamar ƙullin ƙosai da aka buga da kyau. Iskar da suya ta bari a cikin ƙwayar ce ke fita, kuma muddin tana ciki ruwa ba ya ratsa garin sosai. Ba ta daƙiƙa 30 zuwa 45. Kawu ba ya duba agogo, salati yake yi a hankali, in ya kai inda ya saba sai ya ɗauki buta. In ka zuba ka ga ko motsi ba ta yi ba, ta kwana biyu a kanti. Za ta shawu, amma kada ka sa rai da ƙamshi.

Sai zubi na biyu. Riƙe butar kusa da garin, kada ka ɗaga ta sama kamar mai shayi yana nuna gwaninta, nan ba kumfa ake nema ba. Zuba siriri kana zagayawa daga tsakiya zuwa waje, ka dawo tsakiya, da'irar ba ta wuce faɗin bakin ƙaramin kofi ba. Babban kuskuren masu farawa shi ne zuba ruwa a jikin ƙyallen. Duk ruwan da ya taɓa gefe zai bi yadin ya sauka bai gaisa da gari ba, sai ka sami abu salam. Bar ɗan gari a gefe ya zama katanga. In ruwan ya taso ya kusa kashi biyu cikin uku na zurfin, tsaya. Bari ya sauka har ka fara hango saman garin, amma kada ya bushe, ka sake zubawa. Sau uku ko huɗu za ka yi haka kafin ruwan ya ƙare.

Ka riƙa kallon abin da ke sauka ta ƙasa. Da farko ɗigo ne baƙi mai kauri, sannan ya zama zare mai launin zuma, daga ƙarshe ya koma fari-fari kamar ruwan shayin da aka sake dafawa. Wannan na ƙarshen ba shi da wani alheri sai ɗaci. Da ka ga zaren ya tsinke ya koma ɗigo ɗai-ɗai, ɗauke matacin ka ɗora a kan wani kofi. Duka aikin, daga zubin farko, minti uku zuwa huɗu ne.

A nan ne tatar koko da ta gahawa suka rabu. Mai koko tana matse ƙyalle har sai dusa ta bushe, don abin da take nema yana cikin matsar. A gahawa ba a matsa ko kaɗan. Ranar farko da Mma ta karɓi aikin hannunta ya yi abin da ya saba, ta kama gindin ƙyallen ta murɗe. Abin da ya fito ya yi duhu kamar ruwan kwata, ɗaci kuma har maƙogwaro. Kawu ya kurɓa ya ajiye ya ce, "Hajiya, wannan ai maganin shawara kika haɗa mana."

Juya gahawar da cokali kafin ka raba, domin ta ƙasa ta fi ta sama ƙarfi. Kuma ka kurɓi kaɗan haka nan kafin sukari ya shiga, ko da ba haka za ka sha ba, ta nan ne za ka san abin da ka yi.

In ta yi ɗaci mai kama harshe, kuma ruwan ya daɗe bai sauka ba, garin ya yi laushi da yawa ko ruwan ya yi zafi. Gobe ka niƙa da ɗan tsaki. In ta yi salam ko tsami, kuma ruwan ya wuce cikin minti ɗaya da rabi, garin ya yi tsaki ko ka zuba da gaggawa. In ɗanɗanon ya yi daidai amma ba ƙarfi, ƙara cokali. Abu ɗaya za ka canza a rana, in ka taɓa uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. In kuwa tana warin tsumma, to ba gari ba ne ba ruwa ba ne, ƙyallen ne, za mu zo kansa.

Akwai hanyar ragwaye, wadda nake bi ranar da baƙi suka yi yawa. Sauke tukunyar ruwa daga wuta, jira minti ɗaya, zuba garin a ciki ka juya, rufe na minti huɗu, sannan ka juye duka ta cikin ƙyallen. Ta fi nauyi a baki kuma ba ta neman gwanintar hannu. Illarta ita ce ƙyallen yana saurin toshewa.

Kayan ƙamshi da madara

Bakinmu ya saba da yaji, koko ma sai da citta da kanumfari, don haka ba abin mamaki ba ne in gahawa zalla ta yi wa wani fayau. Mutanen Senegal suna da tasu da ake kira Kafe Tuba, da sunan garin Tuba na 'yan ɗariƙar Muridiyya, wadda suke haɗawa da kimba, wani lokaci da kanumfari, kuma su ma da ƙyalle suke tace ta. Kimba ba baƙuwa ba ce a nan, ita ce Asantawa ke kira hwentia, tana nan a kowace kasuwa. Gasa sili ɗaya a wuta kaɗan, daka ɓawon, ka haɗa abin da bai wuce rabin ƙaramin cokali ba a cikin garin leda ɗaya. 'Ya'yan cikin suna da ɗaci, ni cire su nake yi. Kanumfari biyu sun isa, uku sun yi yawa. Busasshiyar citta ma tana shiga. Amma in za ka riƙa sa yaji, keɓe masa ƙyallensa daban, don ƙamshin kanumfari in ya kama yadi ba ya fita.

Madarar gwangwani irin su Ideal da Peak ta fi dacewa da robusta, ta gari kuma a dama ta da ruwan ɗumi tukuna don kada ta yi gudaji. Gahawar da ta huce kada a mai da ita wuta, ɗaci take ƙarawa. In za ka ajiye, zuba a fulas tun da zafinta, kuma kada ta wuce awa biyu.

A tuna cewa robusta tana da ƙarfi. Abin da hukumomin lafiya a Turai da Amurka ke faɗa shi ne babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafin a rana, mai juna biyu kuma ana ba ta shawarar tsayawa a 200. Kofi biyu manya na robusta suna iya kai mutum iyakar farko har su wuce ta, balle in yana haɗawa da goro da ataya. Ni bayan la'asar ba na sha, na gwada na kwana ina ƙirga kwanon rufi. Da azumi kuma na fi son ta bayan an sha ruwa an ci abinci, ba a kan cikin da ya wuni babu komai ba.

Kula da ƙyallen

Wannan shi ne wurin da gahawar gobe take gyaruwa ko ta lalace. Man da ya sa gahawar ƙyalle ta fi daɗi, shi ne kuma yake maƙalewa a zare, in ya sha iska ya bushe sai ya yi ɗoyi irin na tsohon man gyaɗa. Duk wanda ya ce maka ya gwada ƙyalle bai ji daɗi ba, tambaye shi inda yake ajiye shi.

Da ka gama, tun kafin ka zauna sha, juye garin. Kada ka zuba a magudanar ruwa, yana toshe ta, kai shi gindin shuka ko shara. Juya ƙyallen ciki ya koma waje, ɗauraye da ruwa mai yawa kana murzawa da yatsu har ruwan ya fita fes, sannan ka bi shi da sauran ruwan zafin buta.

Sabulu haram ne a kansa, kowane iri, har da sabulun salo. Garin wanki da bilic kuwa ko kusa. Auduga tana riƙe turaren sabulu, kuma ruwan zafin gobe zai sauke shi cikin kofinka. A gidan da mutane suke da yawa wannan sai an yi shela, domin akwai mai son tsabta da za ta gan shi da launin ƙasa ta ji tausayinsa. An yi mini haka sau ɗaya, ƙanwata ta jiƙa shi a ruwan wanki ta shanya shi fari tas tana jiran godiya. Sai sabo na ɗinka.

Wajen ajiya hanya biyu ce, ka zaɓi wadda ta dace da gidanka. Ta farko ita ce a jiƙe: saka shi a roba mai murfi, ruwa mai tsabta ya rufe shi, ka sa a firji, kana canza ruwan kullum. Haka masu shagunan gahawa a Japan suke yi, kuma ita ce ta fi, don iska ba ta taɓa man. In za ka yi tafiya, matse shi ka ƙulle a leda ka jefa a firiza. Sai dai wannan hanya tana son wuta tsayayya. In dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya dawo, firji ya wuni a kashe, ruwan zai ɗumama ya fara yauƙi, ka buɗe ka ji wari. In hakan ta faru tafasa shi minti biyar kafin ka yi amfani da shi.

Ta biyu ita ce a bushe, ga wanda ba shi da firji ko ba ya yarda da wutar. Bayan ɗauraya da ruwan zafi, matse shi a tawul, ka rataye inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin girki, ya bushe da wuri kuma ya bushe ƙarau. Abin da ba a so shi ne tsaka-tsaki, ƙyalle mai danshi a cikin kwaba ko a ƙasan kwanuka. A Kumasi wannan ba wasa ba ne, damina biyu muke yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma a lokacin kwana biyu sun isa ƙyalle ya yi funfuna. Da hunturu kuma bushewa ba matsala ba ce, ƙura ce, sai a rufe shi a kwalba da zarar ya bushe. Mai bin wannan hanya ya riƙa tsoma ƙyallen a tafasasshen ruwa na minti ɗaya ko biyu kowace safiya kafin tata.

Ko wace hanya ka bi, sau ɗaya a mako tafasa shi minti goma a ruwa zalla, za ka ga mai yana tasowa sama. In ka lura ruwa ya fara jinkirin sauka alhali niƙanka bai canza ba, ramukan sun cika: sa ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a lita ɗaya ta ruwa, tafasa shi a ciki, ka ɗauraye sau uku, ka sake tafasawa a ruwa zalla. Na taɓa gwada kanwa a madadinta, ta wanke shi, amma sai da na yi ta fama kafin ɗanɗanonta ya fita.

Mai sha kullum, ƙyalle ɗaya zai kai shi wata biyu zuwa uku. In ka ga baƙin ɗigon funfuna, ko ka tafasa shi warin bai tafi ba, ko gari ya fara bayyana a gindin kofi, zare wayar ka sa sabo. Shi ya sa tun farko na ce a ɗinka uku ko huɗu a rabin yadin, sauran suna naɗe a kwalba, sai dai kowanne a yi masa tafasar nan biyu kafin ya fara aiki.